Eskoriyal: Fadar da Sarki Ke Kwana Gefen Bagade

Ran 10 ga Agusta, 1557, dakarun Sarki Filib na Biyu na ƙasar Sifen suka fatattaki na Faransa a garin San Kwantan. Ranar ta dace da bikin Waliyyi Loransu a wajen mabiya ɗariƙar Katolika, saboda haka da sarki ya tashi gina fadarsa a Eskoriyal, kimanin kilomita 45 daga Madrid, sai ya raɗa mata sunan waliyyin. An sa harsashi a 1563, aka kammala a 1584. Juan Bautista de Toledo ne ya tsara ginin, da ya rasu a 1567 Juan de Herrera ya ƙarasa.

Mukan kira ta fada, amma kalmar ta yi mata kaɗan. A cikin katanga guda akwai majami'a, da gidan ruhbanawa, da makaranta, da ɗakin littattafai, da kuma maƙabartar sarakuna, inda aka maido da gawar mahaifinsa, Sarki Karlos na Biyar. Daga waje ba ado, sai dutse mai ruwan toka. A farfajiyar majami'ar aka jera mutum-mutumin sarakunan Yahuza shida, har da Dauda da Sulaimanu. Ba sai an faɗa wa baƙo da wa maigidan ke kwatanta kansa ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɗakin kwanansa. Mutumin da ke mulki daga Meziko har tsibiran Filifin, waɗanda sunansa suka ci, ya zaɓi ɗan ƙaramin ɗaki a jikin majami'a, aka yi masa ƙofa yadda daga kan gado zai hangi bagade ana ibada. Nan ya cika a 1598. Wasu na ganin tawali'u ne. Mu dai muna ganin har da siyasa, domin a zamanin da Furotesta ke ƙalubalantar Katolika, Filib na nuna wa Turai cewa gadon sarautarsa da addini bango ɗaya ya haɗa su.

Masu zane ma ba su tsira ba. El Greco ya zana shahadar Waliyyi Moris don a kafa a majami'ar, sarki ya biya shi amma ya hana a kafa, aka ba wani aikin. Marubucin da ya taɓa rubutu don wani mai hali ya san zafin wannan.

A ɗakin littattafai kuwa akwai dubban rubuce-rubucen Larabci. Da yawansu na Sarkin Maroko Mulai Zidan ne, ɗan Ahmad al-Mansur wanda rundunarsa ta ci Songai a 1591. Jiragen Sifen suka kama su a teku a 1612, zamanin Filib na Uku, aka kai su Eskoriyal. Gobarar 1671 ta cinye wani kaso mai yawa, saura kuma suna nan har yau.