Hijira Gabas da Rumbun Talaka: Daga Kudancin Kano zuwa Jazirar Sudan

Wanda duk ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, ya ratsa Kura da Kadawa, ko ya ratse zuwa Bunkure, zai tarar da ƙasa kore shar, ruwa na gudu a magudanai, alhali kuwa an yi watanni rabon da a ga hadari. Amma ta wannan yanki ne rundunar Kanar Morland ta biyo daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Ta kudancin ƙasar Kano ɗin nan ne kuma Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ratsa bayan faɗuwar Sakkwato ran 15 ga Maris, talakawa suna barin gonakinsu suna binsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a dubi abin da waɗannan mutane suka tafi nema, da abin da suka tarar.

Tunanin yin hijira gabas ya girmi zuwan Turawa. Tun zamanin jihadi ake riƙe da cewa Mahadi zai bayyana daga gabas, kuma kafin bayyanarsa za a yi fari da yunwa da fitinu, har jama'ar Shehu su tashi su nufi Kogin Nilu. Saboda haka duk lokacin da damina ta ƙi, ko haraji ya yi nauyi, sai a ga ayari ya ɗaure kaya. Abin ya kai har Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa game da al'amarin Mahadi, tana nuna cewa lokacin bai yi ba tukuna, a tsare masu tafiya. Wato dai su kansu masu mulki ba su musa maganar ba, lokacinta kawai suke jayayya a kai, domin sun san ƙasar da manoma suka watse ba ta da sauran sarauta.

Da Turawa suka iso, sai tambayar ta zama ta gaggawa: a zauna ko a tafi? Waziri Buhari ya zauna, ya kuma rubuta risala yana kafa hujjar cewa ya halatta a yi sulhu a zahiri don kare rayukan Musulmi. Attahiru ya zaɓi tafiya, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a, suka isa Sudan, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906, kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira da sunansa.

Ya kamata a lura cewa ba gudun Nasara kaɗai ne ya kai talaka can ba, tun da Sudan ɗin ma a hannun Ingila take tun 1898. Abin da yake nema shi ne wurin da zai noma abin da zai ci, ya tsare addininsa, ya matso kusa da Makka kafin duniya ta rikice. Yadda ake tafiyar ma ya nuna haka. Mutum yakan tashi da iyalinsa da jakinsa da fartanyarsa da irin shuka, in damina ta riske shi a Barno ko Bagarmi ko Wadai ko Darfur, sai ya roƙi fili ya yi noma, ya girbe, ya yi guzuri, ya ƙara gaba. Da rani kuwa ya yi ɗinki ko wanzanci ko ga-ruwa. Tafiyar takan ci shekaru, ana haihuwa ana binnewa a hanya. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta yi wa ƙasar Kano mummunar ɓarna, ta ƙara tabbatar wa mutane da yawa cewa alamomin sun cika.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A nan ne labarin ya juya. Tsarin shirin a wancan lokaci shi ne gwamnati ke da ruwa, wani kamfanin Ingila ke da ikon gudanarwa, manomi kuwa ɗan haya ne a kan gonar da ake kira hawasha. Ba shi ke zaɓen abin da zai shuka ba, ba shi ke sa ranar ban ruwa ba, ba shi ke sayar da audugar ba. Kashi 40 cikin 100 na kuɗinta ake ba shi, sai kuma ɗan yankin da aka yarje masa ya shuka dawa. To, auduga tana son hannuwa da yawa wajen noma da tsinka, ga kuma Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen ƙasar ke kira Fallata ko Takari, suna bukatar kuɗin ƙetare Bahar Maliya. Sai suka zama ƙashin bayan ƙwadagon Jazira.

Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, 'yan ƙasa da dama suka yar da hawashoyinsu, wasu baƙin suka karɓa suka riƙe su a lokacin da ba mai so. Amma da kasuwa ta farfaɗo, sai ƙofa ta soma rufewa. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda asalinsa ke zaune a ƙasar tun kafin mamayar 1898, abin da ya fitar da kusan duk wanda ya biyo sawun Mai Wurno. Da yawa daga cikinsu suka ƙare a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, a bakin magudanar ruwa, suna noma gonar wani a raba amfani. Mark Duffield ya yi nazarin garin Mai Wurno a littafinsa na 1981, shi kuma C. Bawa Yamba ya nuna a 1995 yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan ke ci gaba da kiran kansu mahajjata masu kan hanya. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙarfin imani, kuma haka ne. Amma wanda aka hana shi mallakar ƙasa, ba abin mamaki ba ne in ya ƙi kiran wurin gida.

Waɗanda suka zauna a Kura da Bunkure fa? Su ba su je neman magudanar ruwa ba, ita ce ta zo ta same su. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka soma gwajin noman rani a Kadawa a farkon shekarun 1970, aka gama madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya sa kowa ya yarda cewa dogaro da damina kaɗai ganganci ne. Daga 1976 aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An karɓi gonaki, an baje su, an yanka magudanai, sa'an nan aka mayar wa masu su. Wannan shi ne babban bambanci da Jazira: manomin Kura ya ci gaba da zama mai ƙasa. Duk da haka ruwa na hukuma ne, kuma alkama hukuma ke so. Dawa kuwa, wadda ita ce cikon rumbu, ba ta nuna sai bayan lokacin shukar alkama ya kawo jiki, don haka aka matsa wa manoma su rage ta a cikin filin shirin. Binciken Tina Wallace na ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa ƙaramin manomi da ba shi da kuɗin taki da na lebura yakan ba da hayar gonarsa ga mai hali. Daga baya manoman suka karkata ga shinkafa da tumatir, waɗanda kasuwa ke biya, Kura ta yi suna wajen shinkafa, hatsin tuwo kuwa gidaje da yawa sai sun saya.

Zuriyar masu hijira ba su samu ko wannan zaɓi ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wadda a can ita ce mabuɗin haƙƙin ƙasa, aka kashe mutane da yawa, dubbai suka bar gidajensu. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Kartum, a Disambar shekarar ya iso Wad Madani, hedikwatar Jazira, mazauna kambo suka sake ɗaure kaya.