Dak'Art: Yadda bikin fasaha na Dakar ke neman 'yan kallo da ɗaga sababbin masu zane

Dak'Art shi ne sunan da aka fi sanin babban bikin baje kolin fasahar zamani na birnin Dakar, wanda gwamnatin Senegal ke shiryawa duk bayan shekara biyu ta hannun ma'aikatar al'adu. An fara shi a 1990 a matsayin taron adabi, a 1992 aka karkata ga zane-zane da sassaƙa, sannan daga 1996 aka mayar da hankali kan ayyukan 'yan Afirka. Tushensa yana komawa ga bikin fasahar baƙar fata na duniya da Shugaba Léopold Sédar Senghor ya shirya a Dakar a 1966, wanda Nijeriya ta karɓi baƙuncin zagayensa na biyu a 1977, wato FESTAC, har aka yi hawan daba a Kaduna.

Bikin yana da fuska biyu. Ta farko ita ce ta hukuma, inda ake buɗe ƙofar neman shiga, masu fasaha su aiko da samfurin ayyukansu, kwamitin alƙalai ya tace. Tun 2016 ake ajiye babban baje kolin a tsohon ginin kotun da ke Cap Manuel, a ƙurewar birnin ta bakin teku, ginin da ya shekara da shekaru a yashe kafin Simon Njami, wanda ya jagoranci bikin na 2016 da na 2018, ya mayar da zaurukansa wurin nuni. A nan ne ake gasar babbar kyauta mai ɗauke da sunan Senghor. Olu Amoda na Nijeriya ya raba ta da Driss Ouadahi na Aljeriya a 2014, Tegene Kunbi na Habasha kuma ya ɗauke ta a 2022. Akwai wasu ƙananan kyaututtuka daga ma'aikatar al'adu da ƙungiyoyin yankin Afirka ta Yamma.

Sai dai gurbin hukuma kaɗan ne, masu nema kuwa suna da yawa. Wannan ne ya ba fuska ta biyu, wadda ake kira OFF, nauyin da take da shi. OFF tarin nune-nune ne masu zaman kansu, ɗaruruwa a kowane zagaye, da ake yi a lokaci guda da na hukuma. Babu alƙalin da zai ce aikin wane ya cancanta. Wanda ya samu wuri, ko otal ne, ko gidan abinci, ko tsakar gidan wani, ko ɗakin aikinsa, sai ya yi rajista a sa sunansa a littafin jagorar baƙi. Ta haka bikin ke fita daga tsakiyar birni ya shiga unguwannin Medina da Ngor, ya tsallaka tsibirin Gorée, ya kai har Saint-Louis a arewacin ƙasar.

Ga matashin da bai yi suna ba, amfanin wannan tsari a fili yake. Dillalan zane, da masu saye don tarawa, da jami'an gidajen tarihi na Turai da Amurka suna cika Dakar a makonnin bikin, kuma da yawansu kan bi littafin OFF gida-gida. Mai zane da ba shi da dillali zai iya sayar da aikinsa kai tsaye, ko ya samu gayyatar zuwa wata ƙasa. Amma kuɗin haya, da sufuri, da firam, da buga takardun talla duk a wuyansa suke, ko a wuyan wanda ya ɗauki nauyinsa. Ƙofar a buɗe take, gaskiya ne, amma wanda ke zaune a Dakar ya fi wanda zai ɗauko kaya daga Legas ko Yamai sauƙin shigarta.

Ɓangaren jawo jama'a shi ne inda aka daɗe ana sukar bikin, cewa taro ne na masu jin Faransanci da baƙi daga waje, alhali harshen kasuwa da titi a Dakar Wolof ne. Zagaye na 14, wanda annobar korona ta ɗage daga 2020 zuwa 2022, ya yi ƙoƙarin amsa wannan suka. Jagoransa El Hadji Malick Ndiaye ya ba shi take da harshen Serer, «Ĩ Ndaffa», mai nufin aikin ƙira, ya kuma ƙirƙiro shirin Doxantu, kalmar Wolof da ke nufin yawon shan iska. An kafa manyan sassaƙe-sassaƙe a gefen titin bakin teku na Corniche, inda ɗalibai da masu motsa jiki da direbobi ke wucewa kullum, domin wanda bai taɓa taka gidan nuni ba ya ci karo da aikin a hanyarsa. A tsohon ginin kotun ma matasa sun yi ta tururuwa, suna ɗaukar hoto da waya suna yaɗawa a Instagram, tallar da masu shirin ba su biya ko sisi a kanta ba.

Dogaron bikin ga baitulmalin gwamnati shi ne rauninsa. An tsara buɗe zagaye na 15 a watan Mayun 2024, sai sabuwar gwamnatin Shugaba Bassirou Diomaye Faye ta ɗage shi ana saura 'yan makonni. A lokacin wasu masu fasaha sun riga sun sayi tikitin jirgi, sun kama wuri, sun aiko da kaya. Da yawa daga masu shirya OFF suka ƙi janyewa, suka buɗe nune-nunensu a watan Mayu kamar yadda suka tsara. Bikin hukuma ya gudana daga 7 ga Nuwamba zuwa 7 ga Disamba 2024 ƙarƙashin jagorancin Salimata Diop, babbar kyautar kuma ta tafi ga Agnès Brézéphin daga tsibirin Martinique.