Yadda Aka Ceto Takardun Kiɗan Finafinan Hollywood

Daga shekarun 1930 zuwa na 1950, lokacin da manyan kamfanonin Hollywood ke tashe, kowannensu na da ƙungiyar makaɗansa da ɗakin ajiyar takardun kiɗa. Mai tsara kiɗan zai rubuta shi a taƙaice da fensir, wani ya rarraba shi ga kayan kiɗa, masu kwafi su kwana suna fitar wa kowane mai goge da mai busa shafinsa. Da an gama ɗaukar sauti sai a ɗaure takardun a ɗora a kanta. Mallakar kamfani ne, mai tsarawa albashinsa kawai ya sani.

A 1969 Kirk Kerkorian ya sayi kamfanin MGM, sabbin shugabanni suka shiga tsuke bakin aljihu. Suturar 'yan wasa an yi gwanjonta a 1970, takardun kiɗa kuwa ko darajar gwanjo ba su samu ba. Kwashe su aka yi aka zuba a juji, har da na The Wizard of Oz na 1939 da Singin' in the Rain na 1952. Abin da ya tsira shi ne taƙaitattun littattafan da madugun makaɗa ke dubawa. Wannan ɓarna ce tsagwaronta, ba gobara ba ambaliya, mutane ne suka zauna suka yanke shawara.

Ba a jima ba iska ta juya. A 1972 madugun makaɗa Charles Gerhardt ya sake ɗaukar kiɗan Erich Wolfgang Korngold a faifan The Sea Hawk, ya yi kasuwa, aka gane ashe akwai masu son jin wannan kiɗa ko babu majigi a gabansu. Jami'o'i suka buɗe ƙofa. Warner Bros. ya miƙa taskarsa ga Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1977, takardun mai tsara kiɗa Bernard Herrmann suka tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara.

Wadda ta fi burge ni ita ce taskar Max Steiner, haifaffen Vienna, wanda ya yi kiɗan King Kong da Gone with the Wind da Casablanca. Ya rasu a 1971, rubuce-rubucensa na fensir suna Jami'ar Brigham Young a jihar Utah. A gefen shafukan akwai saƙonnin da yake bar wa abokan aikinsa irin su Hugo Friedhofer, wani umarni, wani barkwanci. Mai bincike na iya bin yadda aka auna kiɗan da motsin ɗan wasa daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Kiɗan MGM kuwa da kunne aka dawo da shi. Madugun makaɗa ɗan Ingila John Wilson ya shafe shekaru yana sauraron tsofaffin sautukan, yana maimaitawa, yana rubuta rabon kowane kayan kiɗa, littattafan nan da suka tsira suna yi masa jagora. A 2009 ƙungiyarsa ta kaɗa kiɗan a zauren Royal Albert da ke Landan, a bikin BBC Proms.