Gida na maigida, suna na wa?

A ƙasar Adar da Ƙonni, daga Tsarnawa zuwa Illela, tsohon gida da sunan mai shi ake kiransa: gidan liman, gidan sarkin fawa, gidan Alhaji wane. Wanda ya ɗora tubali bisa tubali kuwa, da ya karɓi ladansa an gama da shi. Mu da muka tashi cikin sana'ar gini mun san hannun kowane gwani daga yadda ya fitar da zanko ko ya karkata indararo, amma sanin a bakinmu ya tsaya.

A da, babu takarda. Magini zai zana gida da ƙafarsa a ƙasa, ya nuna inda zaure zai zauna, inda shigifa za ta tare idon baƙo, sannan cikin gida. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, a murza tubali a shanya. Gwaninta tana wajen rufi. Azarar giginya gara ba ta cinta, sai dai ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ɗaki ya haura mita 2. Don haka gwanaye suka riƙa jera azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya a lulluɓe da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Bakan gizo ke nan. In bakuna suka gitta juna aka yi ɗaurin guga, zaure ya zama na masu hali, kuma duk mai shigowa sai ya ɗaga kai.

Cikin gwanayen, kaɗan ne sunansu ya tsira. A Zariya akwai Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846. Namu na nan kusa shi ne Alhaji Falke Barmu na ƙauyen Yama, manomi kuma magini. Ya fara masallacin Yama a 1962, ya sake rufinsa da bakuna da tulluwa a 1975, ya ƙara hasumiya huɗu tsakanin 1978 da 1982, kowace da kamanninta. A 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan. Ku lura, dukansu masallaci ne ya riƙe sunansu. Zaurukan da irinsu suka gina wa iyalai ba wanda ya lissafa.

Sai siminti ya zo. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960, ga kwano, ga kuɗin 'yan ci-rani. Ban ga laifin mai gudun yaɓen kowace shekara ba, aiki ne mai cin jiki. Amma ɗakin kwano a watan Afrilu, kowa ya san yadda ake kwana cikinsa.

A Dandaji an gwada wata hanya: Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, tare da maginan gargajiya na wurin. Gidajen gado ba su samu wannan gata ba, ana rabon gado ana rushe zaure a tsaga shaguna.

In akwai tsohon zaure a gidanku, ku tambayi dattijon da ya rage wa ya gina shi, ku rubuta sunan.