Kisa a Tsakiyar Biki: Waiwaye Kan Baƙin Fim na Faransa

Tun shekarar 1880 Faransawa suka keɓe 14 ga Yuli a matsayin ranar ƙasa, don tunawa da faɗuwar kurkukun Bastille a 1789. A daren wannan rana talakawan Paris kan fito titi, su rataya fitilu, su kwana suna kiɗa da rawa. Abin lura shi ne, a cikin wannan dare na farin ciki Marcel Carné ya zaɓi ya kashe ɗaya daga cikin taurarin fim ɗinsa, Hôtel du Nord, wanda ya fito a 1938.

Edmond, wanda Louis Jouvet ya fito a matsayinsa, tsohon ɗan ta'adda ne da ya ci amanar abokan sana'arsa. Ya san ana nemansa, amma ya komo masaukinsa a bakin magudanar Saint-Martin. A cikin ɗaki aka harbe shi, ƙarar bindigar ta ɓace cikin fashe-fashen wasan wuta, masu rawa kuwa ba su fasa ba. A ganina, hikimar fim ɗin ke nan. Jama'ar da suka kalle shi a ƙarshen 1938 ba su daɗe da murnar yarjejeniyar Munich ba, suna zaton an tsallake yaƙi. Watanni tara bayan fitowarsa yaƙin ya ɓarke.

Bayan yaƙi, a 1946, manazarci Nino Frank ya yaɗa sunan film noir, wato baƙin fim, yana bayani kan finafinan Amurka da suka iso Paris a wannan shekara. Sai dai Faransawa sun riga sun ɗanɗana irin wannan duhu a gida. A 1947 Henri-Georges Clouzot, wanda aka taɓa haramta wa sana'a saboda aikin da ya yi zamanin mamayar Jamus, ya dawo da Quai des Orfèvres. Nan ma biki ne, jajiberin Kirsimeti: gari yana shagali, wani makaɗi da ake zargi da kisan da bai yi ba yana yanke jijiyar hannunsa a ɗakin tsaro. Jouvet ne kuma, wannan karon a matsayin sufeton 'yan sanda.

Irin waɗannan finafinai sun ci gaba da samun masu kallo ta hanyar ƙungiyoyin sinima da kuma Cinémathèque française, ma'ajiyar da Henri Langlois da Georges Franju suka kafa a 1936. Masaukin ainihi kuwa, wanda Alexandre Trauner ya sake gina kamanninsa a Billancourt domin ɗaukar fim ɗin, har yau fuskarsa tana tsaye a bakin magudanar.