Daga Gidan Talabijin Zuwa Shafin Intanet: Tarihin Jaridu Masu Zaman Kansu a Arewacin Najeriya

Jaridar intanet mai zaman kanta kafa ce ta yaɗa labarai wadda ba gwamnati ce ke da ita ba, ba kuma reshen wani babban kamfani ba ce. Tana wallafa labaranta a shafinta da kuma dandalin sada zumunta, ba ta buga takarda, ba ta da tashar watsa shirye-shirye. A Arewacin Najeriya, da yawa daga cikin irin waɗannan jaridu tsofaffin ma'aikatan talabijin da rediyo da manyan jaridu ne suka kafa su bayan sun ajiye aikin albashi. Akasarinsu sukan ɗauki jiha ɗaya ko birni ɗaya su mayar da hankali a kai. Asalinsu yana cikin gidajen da suka horar da masu su, da kuma dalilan da suka sa waɗannan ma'aikata suka fito.

Zamanin da gwamnati ke riƙe da komai

Aikin jarida na zamani da harshen Hausa ya kafu da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962 lokacin da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa. Jaridar New Nigerian ta biyo baya a 1966. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe dukan tashoshin talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. Da aka koma mulkin farar hula a 1979, jihohi suka sake samun damar mallakar tashoshinsu. A Kano, Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya kafa kamfanin jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV, wanda yau ake kira ARTV, domin NTA tana hannun gwamnatin tarayya ta jam'iyyar NPN.

Wannan tsari ya bar alamomi biyu a jikin sana'ar. Na farko, horo mai kyau. A ɗakin labarai na wancan lokaci rahoto ba ya fita sai ya bi ta hannun ƙaramin edita da babban edita, an duba sunaye da muƙamai, an tace fassara, an gyara wa mai karanta labarai lafazinsa. Kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos ta yaye ma'aikata da dama a kan wannan tarbiyya. Na biyu, biyayya ga mai gida. Jerin kanun labarai yakan bi jerin muƙamai: gwamna, mataimakinsa, kwamishinoni, sa'an nan abin da ya rage. Labarin ƙauyen da rijiyarsa ta ƙafe, in ya samu shiga, yakan zo ne a ƙarshe. Wanda ya ƙetare iyaka yakan gamu da sauyin wurin aiki, ko abin da ya fi haka. A 1984 Doka ta 4 ta gwamnatin soja ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian gidan yari.

Saboda haka masu sauraro suka saba neman gaskiyar abin da ke faruwa a gida daga bakin gidajen rediyon ƙetare. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na rediyon Faransa a 2007. Shekara da shekaru mutumin Kano ko na Sakkwato yana jiran Landan ta gaya masa abin da ya faru a garinsu.

Buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa

Doka ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar rediyo da talabijin. Raypower ta fara a Legas a 1994, AIT a 1996. A Arewa an samu DITV a Kaduna, sa'an nan Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, ta kawo shirye-shirye irin su In Da Ranka da Kowane Gauta, waɗanda suka ba talaka da ɗan adawa damar magana. A ɓangaren takarda, Weekly Trust ta fito a 1998, Daily Trust a 2001, Aminiya a 2006.

An samu sauƙi, amma ba a samu cikakken 'yanci ba. Lasisin watsa shirye-shirye yana da tsada, ga na'urori, ga man janareta. Mai iya ɗaukar wannan nauyi yawanci ɗan siyasa ne ko attajirin da ke hulɗar kasuwanci da gwamnati, kuma yana da abokan da ba a taɓawa. Tun ƙarshen shekarun 1980, da aka ce tashoshin gwamnati su riƙa nemo kuɗin shiga, al'adar biyan kuɗi kafin a ɗauki taro ta shigo ɗakin labarai, ta kuma bazu zuwa tashoshin 'yan kasuwa. A gidaje da dama albashi yakan yi watanni bai fito ba, wakili ya koma dogaro da kuɗin mota da ake rabawa bayan taron manema labarai. Hukumar NBC kuma ta sha cin tara ko rufe tasha. A watan Agustan 2022 ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar daji. Waɗannan abubuwa uku, wato hannun mai gida, rashin albashi da tsoron hukuma, su ne suka fi tura ƙwararru waje.

Zuwan waya da intanet

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Cikin shekarun da suka biyo baya wayoyi masu shiga intanet suka yi araha, Facebook da WhatsApp suka shiga kasuwanni da majalisun unguwa. Wannan ya rushe babban shingen da ke gaban ɗan jarida, domin wallafa labari ya daina buƙatar injin ɗab'i, da dillalan jarida, da lasisin tasha.

Omoyele Sowore ya kafa Sahara Reporters a birnin New York a 2006. A 2011 Dapo Olorunyomi da abokan aikinsa suka kafa Premium Times a Abuja, wadda ta nuna cewa jaridar intanet za ta iya yin binciken ƙwaƙwaf da ƙa'idojin babbar jarida, ta kuma buɗe sashen Hausa. TheCable ta Simon Kolawole ta biyo baya a 2014. Daga nan 'yan jaridar Arewa suka shiga da ƙarfinsu. Jaafar Jaafar, wanda ya yi aiki da Daily Trust da Premium Times, ya kafa Daily Nigerian a 2016. Haruna Mohammed Salisu ya kafa WikkiTimes a Bauchi a 2018, da niyyar bin diddigin ayyukan gwamnati a jihohi da ƙananan hukumomi. Ahmad Salkida, wanda ya yi suna wajen kawo rahotannin rikicin Boko Haram daga Maiduguri, ya kafa HumAngle a 2020 domin labaran tashe-tashen hankula da halin da 'yan gudun hijira ke ciki. Bayan waɗannan akwai ƙananan shafuka masu yawa a Kano, Kaduna, Katsina, Sakkwato, Gombe da Yola, wasu da Turanci, wasu da Hausa, wasu da duka biyun.

Abin da ɗan talabijin ya shigo da shi

Tsohon ma'aikacin talabijin yana da wata riba ta musamman a wannan fage. Jama'ar Hausa sun fi sabawa da saurare da kallo fiye da karanta dogon rubutu, kuma akwai miliyoyin da ba sa karanta boko amma suna riƙe da waya. Labarin da aka rubuta yakan tsaya a hannun masu ilimin zamani, amma bidiyon minti biyu da Hausa yakan zaga ƙungiyoyin WhatsApp har ƙauye. Ɗan talabijin ya san yadda ake ɗaukar hoto, da yadda ake tsayawa gaban kyamara, da yadda ake taƙaita labari a jimloli kaɗan. Jama'a sun san fuskarsa da muryarsa, don haka ba ya fara neman amincewarsu daga tushe. Yana kuma fitowa da lambobin majiyoyin da ya tara a shekarun aikinsa, daga ofishin 'yan sanda zuwa kotu da fadar hakimi. Shi ya sa jaridun intanet na Hausa da yawa suka fi kama da ƙananan gidajen talabijin a Facebook da YouTube da TikTok, shafin nasu kuwa ya zama ma'ajiyar labarai.

Kafa irin wannan jarida ba ya cin jari mai yawa. Ana yi wa kamfani rajista a hukumar CAC, a sayi sunan shafi, a biya kuɗin ajiyarsa na shekara, a tanadi kwamfuta da waya mai kyamara da makirfo da data. A farkon tafiya mai jaridar shi ne edita, shi ne wakili, shi ne mai neman talla. Abin da ya rasa shi ne abin da babban gida ke bayarwa ba tare da an lura ba: edita na biyu da zai duba aikinsa, lauyan kamfani, da mota mai kai shi inda abu ya faru.

Matsalar kuɗin shiga

A nan ne yawancin waɗannan jaridu ke tsayuwa ko faɗuwa. Tallar da Google da Facebook ke sakawa tana biyan kuɗi kaɗan a kan masu karatu na cikin gida, kuma kamfanonin kan sauya ƙa'idojinsu ba tare da shawara da kowa ba. Manyan kamfanonin da ke kashe kuɗi a talla suna Legas, ba kasafai suke kallon ƙaramin shafin Hausa ba. Al'adar biyan kuɗin karanta labari a intanet ba ta kafu ba tukuna. Abin da ya rage a jiha shi ne gwamnati da 'yan siyasa: tallar taya murna, kuɗin wata-wata na yaɗa ayyukan ma'aikata, da bikin ba da lambar yabo. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ɗan jaridar da ya bar gidan talabijin don gudun hannun mai gida zai iya tsintar kansa da iyayen gida goma.

Hanya ta biyu ita ce tallafin gidauniyoyi. Gidauniyar MacArthur ta ɗauki nauyin aikin bincike a Najeriya ta hannun cibiyoyi irin su ta Wole Soyinka da ke Legas, da ICIR da CJID da ke Abuja, waɗanda suka horar da ƙananan jaridu suka kuma ba su kuɗin bincike. Da irin wannan tallafi aka tono asibitocin karkara da aka biya kuɗinsu ba a gina ba, da ayyukan mazaɓu da aka watsar. Sai dai tallafi yana da wa'adi, kuma mai bayarwa yana da batutuwan da ya fi so a taɓa.

Doka da barazana

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan jarida haƙƙin neman takardun hukuma, ko da yake ma'aikatu da yawa ba sa amsawa. A ɗaya ɓangaren, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama makamin kama masu wallafa labari. Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa kwaskwarima a 2024, amma kamen bai tsaya ba. A watan Oktoban 2018 Daily Nigerian ta wallafa bidiyon da ta ce yana nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta zargin ya kuma kai ƙara kotu, Jaafar Jaafar kuwa ya koma Birtaniya a 2021 yana mai cewa rayuwarsa na cikin haɗari. An kama Haruna Mohammed Salisu a Jihar Bauchi ranar zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023 yana bakin aiki. Hanyar isa ga jama'a ma ba a hannun mai jarida take ba: an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021.

A Jamhuriyar Nijar labarin ya yi kama da wannan. Ibrahim Manzo Diallo ya kafa Aïr Info a Agadas a 2002, ta zama babbar majiyar labaran arewacin ƙasar. An tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yunin 2020 a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019, saboda abin da ta wallafa a Facebook kan badaƙalar sayen makamai. An cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna daga dokar a 2022, gwamnatin soja ta mayar da shi a 2024.

Ingancin aiki

Sauƙin buɗe shafi ya kawo cunkoso. Akwai masu kwafe labarin wasu su canza kanu, da masu ɗora sanarwar manema labarai yadda ta zo, da masu gaggawar sakin labari da ɗumi-ɗuminsa ba tare da jin ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Akwai fassarar da ke bin Turanci kalma da kalma, da rubutun da ya watsar da haruffa masu ƙugiya har ma'ana ta sauya. A yankin da ji-ta-ji-ta kan haddasa asarar rayuka, labarin ƙanzon kurege ba ƙaramin laifi ba ne. Wannan ne ya sa aka kafa shafukan tantance labari irin su Dubawa a 2018.

Duk da haka, ribar da aka samu a fili take. Yau ƙaramar hukumar da babu wakilin babbar jarida a cikinta tana iya samun mai ba da labarinta, kuma jami'i ya san wani na iya zuwa ya ɗauki hoton aikin da aka ce an kammala. Jaridun da suka ɗore su ne waɗanda suka riƙe tarbiyyar tsohon ɗakin labarai, suka raba labari da talla, suka biya wakilansu, suka kuma gyara kuskure a bainar jama'a. 'Yancin irin wannan jarida yana tafiya ne da inda kuɗinta ke fitowa. Muddin 'yan kasuwar gari ba su ba ta talla ba, masu karatu kuma ba su sa hannu a aljihu ba, mai mulki ne zai ci gaba da biya, kuma shi zai zaɓi labarin da za a ji.