Daga Rediyo Garwa Zuwa Sifikar Shago: Tarihin Ƙaramin Akwatin Sauti

A makon jiya wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Gashiga ya aiko mana da tambaya. Ya sayo manyan sifiku huɗu don ɗan shagonsa, ya jona su da amfilifayarsa, kwana uku ta ƙone. Yana so ya san laifin waye. To Alhaji, amsarka tana cikin tarihi, saboda haka bari mu koma baya kaɗan.

An buɗe Rediyo Garwa a 1958, shekara ɗaya bayan BBC ta fara shirin Hausa, shekara biyu kafin Kamaru ta sami 'yancin kai. Shi kansa Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da ya zama shugaban ƙasa na farko, aikin tangarahu da rediyo ya yi a gidan waya tun yana saurayi. Akwatin rediyo na wancan zamani babba ne, mai ƙwayaye a ciki da sai sun yi zafi kafin ya yi magana, ga cin wuta. Sai a gidan masu hali ake ganinsa, jama'a su taru a zaure su saurara.

Abin da ya kai rediyo ruga shi ne taransisto. An fitar da rediyon aljihu na farko mai taransisto a Amurka a 1954, daga baya na Japan suka cika kasuwanni. Batir biyu ko huɗu sun isa. Makiyayi ya rataya shi a kafaɗa, ya bi shanunsa, yana jin Fulatanci da Hausa daga Garwa a gajeren zango mita 60, ko yana cikin Najeriya ko Cadi. Sifikar cikinsa ba ta kai tafin hannu ba, amma ba wanda ya ce bai ji farashin shanu ko sanarwar rigakafi ba.

A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset. Zuwa shekarun 1980 rikoda ta zama tsarabar alhazai da kayan ɗakin amarya, ana jin wa'azi da waƙoƙin Mamman Shata. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ba da megawat 72, wuta ta ƙaru a Garwa. Daga nan masu shaguna suka fara sayen amfilifaya daban, sifika daban, kafintoci na ƙera musu akwatuna kamar adaka. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, mutane suka koma wa na hannu da masu araha. Kwalayen masu arahar nan cike suke da manyan lambobi, wat dubu, wat dubu biyu, har muka saba auna sifika da ido.

Su kuwa ma'aikatan sauti, hanyarsu daban ta bi. Sifika irin wadda muke amfani da ita yau, mai maganaɗisu da nannaɗaɗɗiyar waya da faifan takarda, Chester Rice da Edward Kellogg ne suka bayyana ta a Amurka a 1925. A lokacin, in kana son amon ƙasa, wato gurnanin nan irin na babbar ganga, sai da babban akwati. A 1954 Edgar Villchur ya nuna cewa ƙaramin akwati da aka toshe ruf, iska ba ta fita, zai iya ba da wannan amo. Sai dai akwai sharaɗi: irin wannan akwati ya fi buƙatar ƙarfin amfilifaya kafin ya ɗaga murya.

BBC ma ta fuskanci matsala irin ta mai shago. Motocinta na ɗauko shiri daga waje ƙunci gare su, ba wurin ajiye babbar sifika. Injiniyoyinta suka ƙera wata ƙarama mai suna LS3/5A, tsayinta kamar santimita 30, aka fara sayar da ita a 1975. Manufarsu ita ce muryar mutum ta fito tsab kamar yana gabanka. Har yau ana ƙera ta. Ka ga ke nan, gidan rediyon da ke da kuɗin sayen kowace iri, da ya sami kansa a ƙaramin wuri, ƙarama ya zaɓa.

To yanzu mu dawo kan Alhaji. Juya bayan amfilifayarka da bayan sifika, za ka ga lamba kusa da wata alama mai kama da kofaton doki. Wannan shi ne om. Sifikun gida yawanci om 6 ne ko 8, na mota om 4. Idan ka jona biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Idan masu om 4 ne, sun koma 2. Duk sanda lambar ta yi ƙasa, amfilifaya za ta ja wuta fiye da ƙarfinta, kamar jakin da aka ninka wa kaya. Ga zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska. Abin da ya kashe taka ke nan. Kada om ɗin sifikunka ya gaza abin da aka rubuta a bayan amfilifaya.

Na biyu, batun wat. In ka ga an rubuta PMPO, lambar talla ce, wuce ta. Nemi wadda aka rubuta RMS. Ɗaki ko shago mai taku uku da huɗu, wat 20 zuwa 30 a kowane gefe ya wadatar. Kuma ƙaramar amfilifaya ma tana kashe sifika: in ka murɗa ta har ƙarshe, sautin ya fara tsatsa, ƙaramar sifikar sama mai siririyar murya ita ke fara ƙonewa. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Na uku, ga 'yan'uwanmu na ruga masu sola da batir mai bolt 12. Ku duba lambar dB. Sifika mai 90 tana ba da ƙarar da mai 87 za ta bayar, da rabin wutar. Batirinku zai fi kai ku dare.

Na ƙarshe, wurin ajiya. Ɗaga sifika daidai kunne, ka janye ta kaɗan daga bango. In ka cusa ta a lungu, gurnani zai danne magana, kwanon rufi ya kama rawa. Ranar saye kuma, ka ce wa mai kaya ya kunna maka labarai, ka tsaya daidai nisan da za ka zauna a shagonka. In ka ji kowace kalma ba tare da an ƙure murya ba, ita ce taka, ko da ta fi ta maƙwabcinka ƙanƙanta.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dabbobi, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.